Kafin a ce faifan ya mutu: yadda ake bin sawun matsala a tsohuwar kwamfuta

Wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya taɓa kawo mini kwamfuta a bayan mota, an naɗe ta da tsohon zanen gado. Irin farar nan ce mai kwanciya a kan tebur, wadda shekaru suka mayar da launinta ruwan ƙwai, mai injin 486 a ciki, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta. A tsakiyar shekarun 1990 ya saye ta, kuma a cikinta ya buga hirarrakin da ya yi da tsofaffin garinsu kan tarihin unguwanni da sarautu da waƙoƙin da aka daina yi. Yawancin waɗanda ya zanta da su sun riga mu gidan gaskiya, kaset-kaset ɗin kuma sun ɓace garin ƙaura. Ya ce mini, "Ɗana, an ce faifan ya mutu, wai sai dai a goge a sa sabon Windows." Na ce, "Baba, an goge ɗin?" Ya ce a'a, zuciyarsa ce ba ta kwanta ba, shi ya sa ya ɗauko abarsa. Na ce alhamdu lillahi, a bar ta a nan, kuma kada kowa ya ƙara jona ta da wuta.

Faifan nan, wato faifan ciki da kwamfuta ke ajiye bayanai a kansa, lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan batir ne da bai kai ɗan yatsa ba ya ƙare, sai kwamfutar ta manta irin faifan da ke cikinta, ta riƙa cewa ba ta ga komai ba. Na sha ganin irin wannan. A tsohuwar na'ura faifai ne na ƙarshe da ya kamata a ɗora wa laifi, bayan an wanke wuta da batir da saiti da wayoyi daga zargi. Kuma shi kaɗai ne ba a sayen madadinsa a kasuwa, domin allon da sassan kwamfuta ke like a kai ko injin karanta faifai ana samun wani, amma rubutun da ke kan faifai in ya tafi ya tafi. Mafi yawan bayanan da na ga sun salwanta, a teburin mai gyara suka salwanta, garin gyaran gira aka rasa ido.

Kada a ɗauka maganar ta masu tara kayan tarihi ce kawai. Kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofi, faifan nan da ake zurawa a kwamfuta a cire, a 2011, amma sojin Amurka sai a 2019 suka daina amfani da mai inci 8 a tsarin isar da umarnin makaman nukiliya, gwamnatin Japan kuma sai a 2024 ta gama soke ƙa'idojin da ke tilasta miƙa takardu a kan fulofi. A nan gida ma, tsofaffin injinan aikin kwamfuta na Tajima da Barudan da ake yi wa shadda ado da su, da fiyanon Yamaha na shekarun baya, da yawa ta fulofi suke karɓar zane ko kiɗa. Ranar da injin karatun ya ƙi, sana'ar mutum ce ta tsaya.

Aikin farko ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. A buɗe murfi, a kai ta inda haske yake, a duba da ido a kuma sunsuna. Na'urar da ta shekara 20 a sito ta sha ƙurar hunturu da laimar damina, wataƙila ɓera ya yi sheƙa a ciki, zanzaro ya yi ɗaki a bakin fanka. Batir nake fara nema. Allunan 386 da 486 da yawa suna da batir mai kama da ƙaramar ganga, shuɗi ko kore, an like shi da dalma kusa da inda ake jona kibod. In ya tsufa yakan zubar da ruwa mai kaifi irin na toka, ruwan ya bi siraran layukan tagulla yana cinye su, ya bar kore-kore a bayansa. Tunda maƙwabcinsa kibod ne, sau da yawa alamar farko ita ce kibod ya daina amsawa. Sai a yanke batirin nan take, a shafa ruwan khal ya kashe kaifin, a ɗauraye da tataccen ruwa, a goge da sifirit, a bar allon ya bushe sarai, sannan a bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita a ga wanda ya tsinke. Tsofaffin Macintosh na Apple nasu batirin fashewa yake yi ya ɓata rabin allo. Wasu alluna kuma batirinsu a rufe yake cikin wani baƙin gutsure mai suna Dallas DS1287, ba ya zuba, amma in ya ƙare sai an canza gutsuren ko an fafe shi an jona masa batir daga waje.

Bayan batir sai kafasita, 'yar aba mai tara wuta ta sake ta, kuma kowane zamani da irin cutarsa. IBM PC na 1981 da XT na 1983 suna da ƙananan kafasitocin tantalam masu kama da ɗigon kakin zuma. Ɗaya daga ciki kan haɗe wuta, akwatin wutar, mai raba wa sassan kwamfuta wuta, ya ji haɗarin ya kashe kansa, sai ka ga fanka ta ɗan motsa ta tsaya, na'ura ta yi shiru kamar matacciya. A cire katuna da injinan faifai ɗaya-ɗaya ana gwadawa, duk wanda aka cire wutar ta tashi, a jikinsa ɓarnar take. Akwatin wutar Apple II da BBC Micro kuma akwai wata kafasita ta kamfanin RIFA da ke tsattsagewa ta tashi da hayaƙi mai ɗoyi. Abin tsoro ne a ido, amma gyaransa ba tsada. Macintosh SE/30 da Amiga 600 da 1200 nasu a ɓoye suke yoyo, suna warin kifi in dalma ta taɓa wurin. Su kuma kwamfutocin da aka yi tsakanin 1999 da 2007, irin Pentium 4 ɗin da suka cika shagunan buga takardu, kafasitocinsu kumbura suke yi a ka, ido ma ya isa ya gane su.

Kafin a jona wuta a juya bayan akwatin. Akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka a kan 115 take zuwa, wutarmu kuma 230 ce, in aka jona ta haka ƙara ɗaya za a ji. Wadda ba ta da makunnin ma sai a karanta rubutun jikinta, wataƙila tana buƙatar tiransifoma mai rage wuta. Kada a yi gwajin farko da janareta mai hawa da sauka. Sannan, kuma wannan nake so a riƙe da kyau, a zare wayoyin faifan ciki gaba ɗaya kafin kunnawar farko. A auna bolt 5 da bolt 12 da mita. Layin 5 ya kamata ya zauna tsakanin 4.75 da 5.25. Akwatin wutar Commodore 64 ya yi ƙaurin suna a nan, domin in ya lalace sama yake tura wutar, ya ƙone ƙwayoyin RAM. Da hunturu, lokacin da mutum ke jin tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota, a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa allo. Cikin akwatin wuta da cikin tsohon sikirin mai ƙeya kuwa ba wurin ɗan koyo ba ne. Manyan kafasitocin akwatin suna riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya, kwalbar sikirin kuma da dubban bolt take aiki.

In wutar ta yi daidai, na'urar da kanta za ta fara ba da labari. Duk kwamfuta irin ta IBM tana binciken jikinta a daƙiƙun farko, tana faɗin sakamako da ƙara ko da lamba. A IBM na asali, ƙara gajeriya ɗaya na nufin lafiya, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto. Lamba 201 RAM ce, 301 kibod, 601 sashen fulofi, 1701 sashen faifan ciki, 161 da 163 kuma batir da agogo. A lura da kalmar sashe. Lamba 1701 ba ta ce faifan ya mutu ba, cewa ta yi an yi kira ta wannan hanya ba a amsa ba, kuma a kan hanyar akwai kati da waya da wuta kafin a kai ga faifan. Shi kuwa saƙon "Non-System disk or disk error" da ke tayar wa mutane hankali, sau tari fulofi ne aka manta a cikin injin.

A nan matsalar Baba take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A tuna faifan kaba da ake rufe ƙwarya da shi, zagaye cikin zagaye. Haka rubutu yake a kan faifan kwamfuta, sai dai kowane zobe a rufe yake, ba ya shiga na kusa da shi, kuma an yanka kowane zobe gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bait 512. A cikin faifan ciki farantai ne a jere bisa juna, kowace fuska da kan karatunta. Don haka adireshin kowace gunduwa lamba uku ne: zobe na nawa, kai na nawa, gunduwa ta nawa. Seagate ST-225, mai megabait 20, wanda ya cika kwamfutocin shekarun 1980, zobba 615 gare shi a kowace fuska, kawuna 4, gunduwa 17 a kowane zobe. Faifan yau shi yake gabatar da kansa ga kwamfuta. Na da sai an gaya wa kwamfutar waɗannan lambobi, kuma tun daga IBM AT na 1984 a wata 'yar ma'adana ake ajiye su, wadda batir ke raya ta. Batir ya mutu, lambobin sun tafi, sikirin ya rubuta "HDD controller failure" ko ya nuna babu faifai sam.

Tarkon yana gaba. Mai gyara ya sa sabon batir, ya shiga saiti, ya danna wurin da kwamfuta ke gano faifai da kanta, ko ya kwafi lambobin da ke jikin takardar faifan. Faifan ya bayyana, amma na'urar ta ƙi tashi, ko ta tashi sunayen fayiloli su fito a hargitse. Dalili shi ne wanda ya haɗa na'urar tun farko ba lallai ne da lambobin takarda ya yi aiki ba. Saitin wancan zamani jerin nau'o'i ne ƙayyadaddu, mutum ya zaɓi wanda ya fi kusa da faifansa, ko ya buga nasa da hannu a nau'i na 47 in allon ya ba da dama. Faifan IDE kuma, nau'in faifan ciki da ya yi yawa a shekarun 1990, yana karɓar duk lissafin da aka ba shi muddin bai wuce girmansa ba. To an rubuta komai da wani lissafi, yanzu ana nema da wani, kamar a canza lambobin gidajen unguwa a dare ɗaya a ce ɗan aike ya kai saƙo. A wannan gaɓa ake cewa faifai ya lalace, a yi masa fomatin. Lambobin asali kuwa ba su ɓace ba. Wani lokaci ana samunsu da fensir a cikin murfi, in ba haka ba DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin wancan zamani, yana rubuta adadin kawuna da gunduwa a farkon ɓangaren da yake zaune, ana iya karanta su daga kwafin faifan. Daga nan na samo na Baba.

Akwai ɗan'uwan wannan tarko. Tsofaffin alluna ba sa ganin abin da ya wuce zobba 1024, kawuna 16, gunduwa 63, wato kimanin megabait 528. Da faya-fayai suka wuce wannan girma, sai aka riƙa sa wata manhaja irin Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive a farkon faifan, ita ke tashi kafin DOS ta yi tafinta. In aka tayar da irin wannan na'ura daga fulofi, tafintan bai farka ba, sai faifan ya zama kamar babu komai a kansa. Wanda ya buga umarnin FDISK /MBR a nan da niyyar gyara, tafintan ya kora.

Wayoyi ba su da dogon bayani, amma suna cin lokacin mutane. Faffaɗar waya tana da jan layi a gefe ɗaya, shi ke fuskantar ƙafa ta 1 cikin 'yan ƙusoshin da ake jona wayar a kai. In fitilar injin fulofi ta kama ta ƙi mutuwa tun daga kunnawa, an juya wayar ne, kuma kada a bar fulofi mai amfani a ciki a wannan hali. Injin A, wato injin fulofi na farko, yana zama bayan murɗen da ke jikin wayar. Faifan IDE biyu a waya ɗaya, sai an saita ɗaya babba ɗaya mabiyi da 'yan hulunan da ke bayansu. Na SCSI, wani nau'in faifan ciki daban, kowa da lambarsa daga 0 zuwa 7, kuma sai an toshe ƙarshen layin. Ƙafafun da suka yi tsatsa, zarewa da mayarwa sau biyu ko uku kan gyara su.

Fulofi ya bambanta da faifan ciki ta wani abu muhimmi: kan karatunsa gogar faifan yake yi kai tsaye, yana juyawa sau 300 ko 360 a minti. Saboda haka datti na tafiya ta kowane ɓangare. Fulofin da ya sha laima ya yi fumfuna, ko wanda fentin maganaɗisunsa ya saki, zai shafa wa kan karatu dattinsa, kan kuma ya kankare fulofi na gaba da aka sa. Haka mutum zai lalata faya-fayai goma a zama ɗaya yana cewa duka sun mutu. Kafin a sa kowane fulofi a ja murfin ƙarfensa a duba fuskar a haske ana juyawa. In an ga fari-fari ko zane mai zagaye, a ajiye shi gefe. In an ji yana kuka kamar ƙofa mai tsatsa, a fitar da shi nan take. A goge kawunan da auduga a tsinke da sifirit mai kyau, a hankali, ba tare da an ɗaga na sama da ƙarfi ba, domin maƙalarsa siririya ce. Tsohon giris da ya daskare a sandar da kai ke tafiya a kai, a share shi a sa sabo kaɗan. Injinan da ke aiki da bel, irin na Amstrad masu inci 3 da na ƙananan kwamfutocin hannu, bel ɗin kan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Kuma a kulle kowane fulofi daga rubutu kafin a sa shi: mai inci 3.5 buɗe masa 'yar taga ake yi, mai inci 5.25 rufe masa tsagar gefe ake yi da tef.

Wannan kullewa tana da dalili na musamman. Ƙafa ta 34 a wayar fulofi ita ke shaida wa DOS cewa an canza faifai. In ta lalace, ka cire na farko ka sa na biyu, sikirin zai ci gaba da nuna jerin fayilolin na farko. Ka yi rubutu a wannan hali, DOS zai ɗora taswirar na farko, wadda ke nuna inda kowane fayil yake, a kan na biyu, shi kenan an hargitsa shi.

Wani abu kuma da nake ganin mutane ba su damu da shi ba. Injin da saitin kansa ya ɗan goce yana karanta abin da shi ya rubuta lafiya lau, amma ba ya karanta na wasu, wasu ma ba sa karanta nasa. In mutum yana da kwalin fulofi da aka rubuta da irin wannan inji shekaru da yawa, gocaccen injin nan shi ne makullin kwalin. A kwashe komai da shi tukuna, gyaran saiti ya biyo baya. Haka nan injin inci 5.25 mai megabait 1.2 da ya zo da AT, kansa ya fi na mai kilobait 360 siranta, domin zobba 80 yake yankawa inda wancan ke yanka 40. In ya yi rubutu a kan faifan 360, siririn layi yake ja a tsakiyar faffaɗan tsohon layi, tsohon injin kuma ya karanto sabo da tsoho a cakuɗe. Sannan ba kowane fulofi ne ke jin yaren PC ba. Na Macintosh mai kilobait 400 da 800, da na Amiga mai 880, da na Commodore 1541, kowa da tsarin rubutunsa. Ka sa su a injin USB na kasuwa, Windows zai ce ba a yi musu fomatin ba, ya tambaya ko a yi. Amsar ita ce a'a. Akwai ƙananan na'urori irin KryoFlux da Greaseweazle da ke ɗauko motsin maganaɗisun kansa ba tare da sun damu da yaren ba, a fassara daga baya. Ta irin wannan hanya ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da zane-zanen da Andy Warhol ya yi a Amiga a 1985, aka bayyana su a 2014.

To yaushe faifan ciki ke zama mai laifi da gaske? Kunne ke faɗa. A ba shi wuta mai kyau a saurara. Lafiyayye zai ɗauki gudu a hankali, tsofaffin sukan kai 3600 a minti, ya yi 'yan ƙwanƙwasa kaɗan ya nutsu. In an ji gunji ba juyi, mai yiwuwa kawunan sun manne da faranti saboda daɗewa a kwance. Dabarar da aka sani ita ce a riƙe faifan a kwance a murɗa shi da sauri kamar ana buɗe murfin kwalba, nauyin farantan ya ɓamɓare mannewar. Tana aiki wani lokaci, wani lokaci kuma ta tsinke kai, don haka sai an shirya wurin kwashe bayanai kafin a gwada, kuma in ya tashi kada a kashe shi sai an gama. Wasu faya-fayan Quantum na tsofaffin Macintosh robar da ke tare hannun kai ce ke narkewa ta riƙe shi. In kuma ƙara ce mai maimaituwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ko ƙarar gogar ƙarfe, a kashe wuta. Kan karatu yana shawagi ne a kan iska, tazararsa da faranti ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba, in ya taɓa ƙasa kowane juyi noma yake yi a kan bayanai. Don haka ba a buɗe faifan ciki a shago. Shawarar nan ta sa shi a firiza ma ban yarda da ita ba, raɓa ce za ta kwanta a kan farantan.

Faya-fayan da suka riga IDE, irin ST-506 na 1980 da ST-412 da ST-225, masu waya biyu, ɗaya mai ƙafa 34 ɗaya mai 20, suna da wata ƙa'ida tasu. Katin da ke sarrafa su shi ke shata zobban da irin nasa hannu, wani katin ba lallai ya iya karantawa ba. Kati irin MFM gunduwa 17 yake yankawa, irin RLL 26. Saboda haka ba a raba irin wannan faifai da katinsa, tare ake ajiye su, tare ake ɗauke su. Da yake motar da ke tura kawunansu taki-taki take tafiya, zafi da shekaru kan sa kai ya daina faɗawa daidai kan zobe. Wani lokaci barin na'urar ta ɗumama na rabin awa kan sa ya karantu. Sake shata zobba daga tushe yana farfaɗo da su, amma yana share komai, don haka aikin ƙarshe ne.

Da zarar faifai ya amsa, a ɗauka wannan ne tashinsa na ƙarshe. A kwafe shi gaba ɗaya, gunduwa bayan gunduwa, zuwa fayil guda. Mahaɗin USB na kasuwa sau da yawa ba ya jin tsofaffin faya-fayan IDE na farkon shekarun 1990, shi ya sa nake ajiye wata Pentium mai ainihin mashigar IDE ta zama gada. Manhajar ddrescue ta Linux ta dace da aikin, domin wuraren da ke karantuwa take fara kwashewa, ta tsallake masu wuya tana rubuta inda ta tsaya, sannan ta dawo musu daga baya. Kwafi na yau da kullum kuwa a kan gunduwa ɗaya mara lafiya zai tsaya yana ta maimaitawa har faifan ya ƙarasa. Duk wani gyaran taswira, a kan kwafin kwafi ake yinsa. Manhajojin gyaran faifai irin CHKDSK /F da ScanDisk ba su damu da rubutun Baba ba, burinsu lissafi ya daidaita, ko da za su yayyanka fayil su sa masa suna FILE0000.CHK. In an ga faifai kamar wayam amma akwai wani ƙaton ɓoyayyen fayil mai suna DBLSPACE.000 ko DRVSPACE.000, kada a taɓa shi, tun MS-DOS 6 na 1993 aka riƙa matse dukan faifai a cikin irinsa. A kuma bincika ƙwayoyin cutar kwamfuta. Brain na 1986 da Stoned na 1987 da Michelangelo, mai share faifai ranar 6 ga Maris, har yanzu suna kwance a farkon tsofaffin fulofi suna jiran wanda zai tayar da na'ura da su.

In bayanai sun tsira, na'urar da ake son ta ci gaba da aiki ba dole ta koma kan tsohon faifanta ba. Wata 'yar na'ura mai suna Gotek na zama a gurbin injin fulofi ya karɓi filash, kuma masu injin aikin kwamfuta da fiyano da yawa sun koma kansa, sai dai a tabbatar an saita shi da girman da injin ya sani, kilobait 720 ko megabait 1.44. Katin CompactFlash da ɗan mahaɗi na maye gurbin faifan IDE, XT-IDE na kai wannan dama ga na'urorin 8088 irin IBM PC da XT, BlueSCSI kuma ga Macintosh. Kwafin faifan ma ana iya tayar da shi a kwamfutar yau ta manhaja irin 86Box, ya buɗe kamar yadda mai shi ya bar shi.

Haka na yi da na Baba, fayilolinsa suka fito cif. Da na buɗe na farko a kwamfutar zamani sai gabana ya faɗi, domin duk inda ya kamata a ga ƙ da ɗ da ɓ wasu alamomi ne daban suka fito. Ba lalacewa ba ce. A wancan lokaci masu buga Hausa suna amfani da haruffa na musamman da aka zana, inda aka ɗauki gurbin wasu alamomin kibod aka zuba haruffa masu lanƙwasa, kuma fayil ɗin gurbin kawai yake riƙewa, siffar tana cikin fayil ɗin haruffan. Da a ce takardun kaɗai na kwafa na bar sauran, da sai an zauna ana cankar kowace alama. Tunda dukan faifan na ɗauka, na shiga jakar SYSTEM ta Windows 3.1 na samo haruffan, na ga wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, na canza su zuwa haruffan da kowace waya ke nunawa yau. Na ba shi kwafi a filash biyu, na tura na uku wa ɗansa, na buga masa hira ta farko a takarda. Ya sa tabarau ya karanta sunan tsohon da ya yi hirar da shi, ya yi masa addu'a, sannan ya tambaye ni ko za a iya buga sauran kafin Juma'a.